Mako Guda Muna Auna Hidimar Yaran Unguwa

Litinin, 25 ga Agusta

Yau muka rufe karɓar fom. Tallafin namu ba wani mai yawa ba ne. Karo-karo ne da wasu 'yan kasuwa da ma'aikata da tsofaffin malamai na yankinmu na Gyadi-Gyadi suka yi, domin a biya wa 'yan yara kaɗan kuɗin rajistar shekarar farko a jami'a ko kwaleji. Masu kuɗin sun gindaya sharuɗɗa uku: yaro ya samu gurbin karatu, gidansu ya kasance ba hali, sannan a san shi da yi wa unguwa hidima. Ni aka ɗora wa rubutu a kwamitin tantancewa.

Bayan la'asar muka zauna a wani ajin Islamiyya da ke bayan titin Court Road muna ware takardu. Sharaɗi na farko ba ya ba da wahala: ga makin JAMB cikin 400, ga kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO, ga takardar admishan. Na biyu ma haka, don rashi ba ya ɓuya a unguwa. Na ukun ne ya tsaya mana. Wasu sun cika fayil da takardun yabo, kowacce an liƙa mata leda tana sheƙi. Wasu kuwa, filin da aka ce su faɗi hidimar da suka taɓa yi wa jama'a, sun bar shi fari fat. Kuma cikin masu farin filin akwai yaran da na san ƙafarsu ba ta zama idan sha'anin unguwa ya taso.

Talata, 26 ga Agusta

Gardama ta tashi yau. Wani Alhaji daga cikinmu, mutum mai son a gama magana da wuri, ya ce: "Malam, me ya sa za mu wahalar da kanmu? A jera su bisa maki, a ɗauki na sama. Ai haka gwamnati take yi."

Maganarsa tana da tushe. Ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara turawa ƙasashen waje a 2012, da 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauki nauyinsu zuwa Indiya da Uganda a 2023, sakamakon digiri aka duba, kuma digiri na biyu suka tafi yi. A 2023 ɗin, da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista, gwamnatin jiha ta ware kimanin Naira miliyan 700 don ɗaliban Kano 7,000 da ke can, ta kuma rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantunta. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun NELFUND, wanda yake biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata. Sai dai wannan bashi ne, ko da yake babu ruwa a cikinsa, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa.

Na ce masa duk waɗannan alheri ne, amma kowanne da abin da yake aunawa: wani ƙwazo, wani zama ɗan jiha, wani alkawarin biya. Ma'aikacin da ke ofis ba shi da hanyar sanin wane yaro ne yake tashi da dare ya kai maƙwabciya asibiti. Mu muke da wannan sanin. Idan muka ajiye shi muka koma kwaikwayon ma'aunin gwamnati da ɗan kuɗinmu, me muka ƙara?

Wata Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, ta ɗora da cewa manyan tallafin duniya ma sun daɗe da gane haka. Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, sai mai nema ya rubuta yadda ya taɓa jagorantar mutane, ya kuma amince zai koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan karatu. Shirin gidauniyar Mastercard, tun 2012, yana kai yaran talakawan Afirka jami'o'i irin su Ashesi a Gana da Makerere a Uganda, kuma abin da yake tambaya shi ne me ka yi wa mutanenka, me kuma za ka komo ka yi musu. Alhaji ya yi shiru, can ya ce to a gwada a gani.

Laraba, 27 ga Agusta

Ranar ganawa da yaran. Uku daga cikinsu ne suka tsaya min a rai.

Na farko saurayi ne tsaf-tsaf, baki da zaƙi, shi ne mai fayil mafi kauri. Shugaba ne a ƙungiyar ɗalibai, sakatare a wata ta matasa. Hajiya ta tambaye shi aikin da ƙungiyoyin suka yi wanda za mu iya zuwa mu gani da ido. Ya nuna mana hotunan ziyarar ban-girma da na taron ƙara wa juna sani. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya ga manya suna kira shugabanci ke nan, shi ma ya bi.

Ta biyu yarinya ce da ta samu gurbin koyon aikin jinya. A fom ɗinta layi ɗaya ta rubuta: "Ina yi wa yara lesin." Da aka matsa da tambaya sai ta ce, kanta a sunkuye, shekara ta uku ke nan tana tara yaran lungunsu bayan magariba, waɗanda iyayensu ba sa iya biyan kuɗin lesin, tana koya musu karatu da lissafi. Hajiya ta ce: "'Yata, me ya hana ki rubuta duk wannan?" Ta ce: "Mama, ai ban ɗauka shi ake nufi ba. Na zaci sai mai muƙami."

Na uku yana cikin waɗanda suka bar filin babu komai. Ya samu injiniyanci a jami'ar Wudil. Na ce masa ya faɗa mana ko da abu ɗaya. Ya ce: "Malam, ku yi haƙuri. Abin da na yi don Allah na yi. In na lissafa shi don a ba ni kuɗi, ina tsoron ya zama riya, in tashi ba ni ga tsuntsu ba ni ga tarko." Ajin ya yi tsit.

Limamin unguwarmu ne ya karɓi zancen. Ya ce: "Ɗana, tsoron nan naka abu ne mai kyau, kada ka yar da shi. Ba za mu sa ka yabi kanka ba. Amma mu amana aka ba mu, kuma ba a raba amana da ka. Faɗa mana inda za mu je mu tambaya, sauran ka bar mana." Yaron ya ɗan yi jim, sannan ya ce: "Allah ya gafarta Malam, maƙabartar Tarauni."

Na kwana ina juya wannan. Fom ɗin da ke cewa yaro ya zayyana alherinsa, an gina shi ne bisa tarbiyyar da ba tamu ba. Mu tun muna ƙanana ake kwaɓarmu da cewa yabon kai jahilci ne. Duk tallafin da zai dogara ga abin da yaro ya faɗa a kan kansa kaɗai, to a garin nan masu kunya da masu tsoron Allah ne za su fara faɗuwa.

Alhamis, 28 ga Agusta

Gani ya kori ji. Da hantsi ni da Liman muka hau adaidaita sahu zuwa maƙabartar. Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙasa sharkaf, ciyawa ta kai gwiwa. Muka tarar da wani dattijo cikin masu haƙa yana kankare laka daga bakin diga. Da muka kwatanta masa yaron, bai bari mun ƙarasa ba. Ya ce: "Wannan ai namu ne. Duk damina in kaburbura suka fara ruftawa, shi yake tattaro abokansa su zo da baro da shebur su yi ciko. Ranar da gawa ta yi yawa, shi yake karɓata in huta. Ko ruwan leda ba ya yarda a saya masa." Ya nuna mana wani layi da aka yi wa sabon ciko, an daddaɓe ƙasar da bayan shebur, an mayar da kowace alama mazauninta. Na tambaye shi: "Baba, su nawa yake zuwa da su?" Ya ce da shi kaɗai ne, yanzu kuwa in ya yi kira sai kayan aiki su kasa.

Bayan magariba muka bi Hajiya lungun yarinyar. Soron gidansu ne makarantar. An shafe wani sashe na bango da baƙin fenti ya zama allo, fitila mai caji tana rataye a ƙusa, yara sun cika tabarma biyu har bakin ƙofa. Ta raba su gida-gida, ta sa manyan suna duba wa ƙanana aikinsu. Guntayen alli tana tara su a gwangwanin madara. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce wa Hajiya ɗanta ya kai aji huɗu ba ya iya haɗa baƙi, a soron nan bakinsa ya buɗe. Ta ƙara da cewa duk matar da za ta je awo a layin, ko aka tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba ta san kan wurin ba, yarinyar ce take raka ta ta nuna mata inda ake yankar kati.

Juma'a, 29 ga Agusta

Muna fitowa daga masallacin Umar bin Khattab da ke Dangi, wani ya ja ni gefe ya damƙa min 'yar takarda. Wani babba ne ya aiko da sunan yaron da yake so a duba. Na kai wa mai unguwa da yamma, na ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da ya iso." Ya karanta, ya ninke, ya ce a mayar wa mai saƙon da gaisuwa da girmamawa, a gaya masa ƙofa a buɗe take ga yaron kamar kowa, kuma in yana so a ƙara yawan waɗanda za a ɗauka, asusun yana karɓar gudummawa. Ya ce ranar da aka fara raba kuɗin nan da takardar manya, ranar masu karo-karo za su janye hannunsu, yara kuma su daina yarda cewa hidima tana da daraja.

Asabar, 30 ga Agusta

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Ba mu gaya wa kowa za mu zagaya ba. Kwatar da ta bi bayan layinmu ta toshe da leda da yashi, kwana biyu ruwa yana komawa gidajen mutane. Muka tarar da samari sun shiga har gwiwa, wasu da shebur, wasu da manjagara. Yaron maƙabarta yana can ƙarƙashin kwalbati, inda kowa yake gudu, yana miƙo bokiti.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne saurayin nan mai fayil. Shi ma ya fito, kuma a nan baiwarsa ta bayyana. Shi ya bi gida-gida ya aro baro, ya tsara wa zai haƙa wa zai kwashe, ya lallashi wani mai shago da ya hana a tara shara a gabansa, ya yi ta waya har aka samu motar da za ta kwashe tarin kafin ruwa ya mayar da shi cikin kwata. Ba don shi ba da aikin ya tsaya a rabi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: unguwa tana buƙatar mai shiga laka, tana kuma buƙatar mai iya haɗa kan mutane. Abin da yaron ya rasa a baya shi ne wanda zai nuna masa cewa wannan ya fi hoton ziyara nauyi. Alhaji da kansa ya kira shi ya ce: "Ɗana, irin wannan za ka riƙa kawo mana."

Lahadi, 31 ga Agusta

Mun yanke hukunci bayan azahar. Yaran nan uku suna cikin waɗanda aka ɗauka. Kuɗin bai kai ga duk waɗanda suka cancanta ba, wannan ne ya fi yi mana ciwo. Sauran mun sa rana za a zauna da su a cike musu fom ɗin NELFUND, a kuma taya su haɗa takardun neman tallafin Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano.

Mun kuma amince da abubuwa uku don baɗi. Za a cire filin da ke sa yaro ya yabi kansa, a maye shi da sunan wurin da za a je a tambaya. Za a ajiye littafi a hannun mai unguwa, duk aikin gayya a rubuta waɗanda suka fito, liman da shugabar mata su sa hannu. Wannan littafin zai amfani yaran ko a gaba, ranar da za su nemi irin su Chevening a ce su kawo hujja. Sannan duk wanda aka biya wa, zai riƙa ba da wani ɓangare na hutunsa yana koyar da na bayansa.

Ƙaramar hukumar Tarauni mazaɓu goma gare ta, daga Gyadi-Gyadi Arewa da Kudu zuwa Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro, Unguwa Uku da sauransu, kuma babu wadda ba ta da irin yaran nan, babu kuma wadda ba ta da masu hali. Ina kira ga attajiranmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da kwamitocin masallatai: kada ku jira gwamnati. Ku haɗa abin da ya sawwaƙa, ku naɗa mutanen da ba a saye su da takarda, ku taka da ƙafarku ku tambayi maƙwabta. Yaron da ya yi wa unguwa hidima ba shi da ko sisi, shi ne wanda za a fi sa ran ya dawo mata da digirinsa. Ku biya masa kuɗin rajista tun bana, kafin a rufe.