Hanyoyin Ladak: Tsara Tafiya da Zaɓen Mota a Tsaunukan Himalaya

Ladak yanki ne da ke can ƙuryar arewacin Indiya, a tsakanin tsaunukan Himalaya da na Karakoram. Daga gabas yana iyaka da Tibet da ke ƙarƙashin ƙasar Sin, daga arewa maso yamma kuma da yankin da Pakistan ke riƙe da shi. Ya kasance cikin jihar Jammu da Kashmir har zuwa ƙarshen Oktoban 2019, lokacin da gwamnatin Indiya ta ware shi ta mayar da shi ƙarƙashin ikonta kai tsaye. Babban garinsa, Leh, yana kan tudun da ya kai mita 3,500 daga doron teku. Ƙololuwar Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wadda babu tsaunin da ya kai ta a Najeriya, mita 2,419 ce. Ke nan mai sayar da shayi a kasuwar Leh ya ɗara wanda ya hau ta da fiye da kilomita guda. Ƙasar hamada ce mai sanyi. Tsaunuka sun tare mata giza-gizan damina, ruwan da ke sauka a Leh bai fi milimita 100 a shekara ba, noma da sha duk sun dogara ne ga ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu.

Manyan hanyoyin mota biyu ne suka haɗa Leh da sauran Indiya, kowacce tana da tsawon kilomita 420 zuwa 430. Ɗaya ta taso daga Sirinagar a kwarin Kashmir, ɗaya kuma daga Manali a jihar Himacal Paradesh. Hukumar gina hanyoyin kan iyaka ta Indiya, wadda aka kafa a 1960 kuma take ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ita ke kula da su, domin tun asali an yi su ne don kai wa sojoji kaya. Dusar ƙanƙara takan rufe su da hunturu, sai ma'aikata sun share ta da manyan injuna kafin a buɗe. Ta Sirinagar ce ke riga buɗewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen rufewa. Ta Manali galibi daga Mayu ko Yuni zuwa Oktoba ake bin ta. A harshen mutanen yankin kalmar "la" na nufin mashigin da hanya ke ƙetare tsauni ta kansa, shi ya sa sunayen yawancin mashigan da za a ambata suke ƙarewa da ita.

Hanyar Sirinagar tana hawa ne a hankali. Garin yana kan mita 1,600. Daga nan a wuce Sonamarg a hau Zoji La, mai mita 3,528, wanda shi ne wurin da ya fi tsoratar da direbobi a wannan hanya: ƙunci, laka, da rami mai zurfi a gefe, har wani lokaci 'yan sanda kan tsayar da motocin ɓangare ɗaya sai na ɗaya ɓangaren sun wuce. Ana haƙa ramin da zai ratsa ƙarƙashinsa, mai tsawon fiye da kilomita 13. Bayan shi sai Diras, garin da ya yi suna wajen tsananin sanyi, sai Kargil, inda Indiya da Pakistan suka gwabza yaƙi a 1999. Kargil na kan kimanin mita 2,700, kusan rabin tafiya, nan matafiya ke kwana. Mafi yawan mutanensa Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Washegari a haye Namika La da Fotu La, mai mita 4,108, a gangara ta tsohon gidan ibadar mabiya Buda da ke Lamayuru, a bi gaɓar kogin Indus har Leh.

Hanyar Manali wata aba ce daban. A da sai an hau Rohtang, mai kusan mita 3,980, inda cunkoso da laka kan cinye rabin yini. A Oktoban 2020 aka buɗe ramin Atal mai tsawon kilomita 9, wanda ya ratsa ƙarƙashin tsaunin ya rage tafiyar da sa'o'i. Daga bakinsa na arewa a bi ta Tandi, sai Kelong da Jispa, garuruwa biyu da ke tsakanin mita 3,000 da 3,200, sannan hawan gaske ya fara. Baralaca La mita 4,890 ne. Bayansa akwai filin Sarcu a kusan mita 4,300, inda babu gari sai tantuna da rumfunan kwano. Sai wani hawa da ake kira Gata, mai kwana 21 masu kaifi a jere, sai Naki La, sai Laculung La da ya haura mita 5,000, sai sansanin Pang, sai wani shimfiɗaɗɗen fili mai kusan kilomita 40 da ake kira More, inda makiyayan Cangpa ke kiwon awakin da ake samun gashin pashmina daga jikinsu. A ƙarshe a hau Tanglang La, mai mita 5,328, a gangaro zuwa Upshi a gaɓar Indus. Na tsawon kilomita ɗari biyu da wani abu mota ba ta saukowa ƙasa da mita 4,000, kuma babu babban asibiti a tsakani.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin tsara tafiyar, ya ma fi batun mota muhimmanci. Iskar da mutum ke shaƙa a Leh ba ta ba jiki fiye da kashi biyu cikin uku na oksijin ɗin da yake samu a bakin teku, a kan Tanglang La kuwa kusan rabi ne. Jiki na iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Wanda ya yi gaggawa yakan kamu da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci da kasala. In ya tsananta ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, dukansu biyu suna kisa, maganinsu na farko kuma shi ne saukowa nan take, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa kare kowa. Abin da likitocin tsauni ke dubawa shi ne tudun da aka kwana, ba wanda aka ƙetare da rana ba. Mai tasowa daga Manali, a mita 2,050, ya kwana Sarcu a daren farko ya ɗora wa jikinsa fiye da mita 2,000 a yini guda, kuma nan ne mutane da yawa ke kwana suna amai. Don haka tsari mafi hankali shi ne a shiga ta Sirinagar a fito ta Manali. In dole sai ta Manali, to a kwana Kelong ko Jispa, a yi sammako, kada a yi dogon zango a kan mashigai. Ko wanda ya sauka Leh ta jirgin sama, hukumomin garin suna umartarsa ya huta kwana biyu kafin ya ƙara hawa.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi mutanen Afirka ta Yamma musamman. Ƙarancin oksijin na tayar da ciwon sikila. Har mai jinin AS, wanda a gida bai san yana da wata matsala ba, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tudu, ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. Bai kamata mai ɗauke da ɗayan biyun ya kama wannan hanya ba sai ya ga likita.

Daga Leh hanyoyi kan rabu. Kilomita 40 a arewa akwai Kardung La, kusan mita 5,360, ƙofar kwarin Nubra, inda ake ganin tuddan yashi da raƙuma masu tozo biyu a ƙauyen Hundar. Ta gabas a haye Cang La zuwa tafkin Pangong, mai tsawon kilomita 134, wanda mafi yawansa ke ɓangaren Sin. Can kudu maso gabas akwai Hanle da tashar nazarin taurarinta, da Umling La mai mita 5,798, wanda kundin Guinness ya amince da shi a 2021 a matsayin hanyar mota mafi tudu a duniya. Ya fi kyau a fara da Nubra, domin ya fi Leh ƙasa kaɗan, a bar Pangong da ke sama da mita 4,200 sai daga baya. Duk waɗannan wurare na kusa da iyaka ne, baƙo ɗan wata ƙasa sai da takardar izini ta musamman da ake yanka a Leh ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, ana kuma duba ta a shingaye. Layin waya na sayen kati da aka saya a wata jiha ba ya aiki a Ladak, wayar tauraron ɗan'adam kuma haramun ce a Indiya ba tare da izini ba.

Kafin a zaɓi mota sai an san wata ƙa'ida ta yankin. Ƙungiyoyin 'yan tasi da masu hayar babura na Ladak ba sa barin motar haya ko babur ɗin haya da aka ɗauko daga waje su yi yawo zuwa Nubra ko Pangong. Za su iya kawo mutum Leh, daga nan sai ya ɗauki na gida. Mai motar kansa, da takardu da sunansa, bai shiga wannan ba. Ga baƙo daga nesa, ɗaukar direban gida shi ne mafi sauƙi, ga shi kuma a Indiya hannun hagu ake bi. Yawancin direbobin gida Toyota Innova suke ja ko motocin Mahindra irin Scorpio.

Abin da tudu ke yi wa mutum shi yake yi wa inji. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, don haka ƙaramar mota cike da mutane da kaya takan isa Tanglang La tana nishi a giya ta ɗaya. Mai turbo ta fi jurewa. Babur mai kafireto yakan shaƙe saboda mai ya fi iska yawa, na zamani mai injekta kuwa yana daidaita kansa. Royal Enfield, musamman samfurin Himalayan da ya fito a 2016, shi ya fi yawa a hanyar. Motar dizal na da ƙarfin hawa, sai dai manta kan daskare a daren sanyi ta ƙi tashi da safe.

Duk da haka, abin da ya fi yanke hukunci shi ne tazarar cikin mota da ƙasa. An shimfiɗa kwalta a mafi yawan hanyar, amma akwai wuraren da ruwan ƙanƙara ke tsallake titi. Da sassafe ruwan bai wuce idon sawu ba, ana ganin tsakuwar da ke ƙasa. Da rana ta take, ƙanƙarar sama ta narke, kafin la'asar sai ya zama rafi mai launin toka, yana mirgino duwatsu kamar kan mutum. Nan ake ganin masu babura sun tsaya a bakin ruwa, ɗaya ya shiga da ƙafa yana laluben wurin da ya fi tudu, sauran su riƙe babur a tura shi, takalma cike da ruwan da ke sa yatsu su mutu. Motar da cikinta ya yi ƙasa takan daki dutse ta fasa tukunyar man inji, kuma bakanike na iya kasancewa kilomita 100 daga wurin. Shi ya sa tazarar santimita 18 zuwa 20 ta fi amfani a kan manyan hanyoyin nan fiye da mota mai jan ƙafa huɗu. Ita wannan sai a farkon buɗe hanya da ƙarshenta, lokacin da ƙanƙara ke kan titi, ko ga mai nufin lunguna marasa kwalta. Mutanen yankin kansu da ƙananan Maruti suke zirga-zirga, domin sun san lokacin ƙetarewa da wurin saka taya.

A gangara kuwa birki ne abin tsoro. Wanda ya ɗora ƙafa a kansa na tsawon kilomita 20 zai ƙona shi. Giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka. Mai hawa shi ake ba hanya, haka ma ayarin motocin soja.

Mai yana buƙatar lissafi. Gidan man Tandi ya daɗe da shahara saboda allon da ke sanar da cewa na gaba yana kilomita 365, kuma mota ta fi shan mai a hawa, don haka ana cika tanki a ƙara da jarka. Ana tafiya da safaya mai lafiya, da famfon taya, da kayan faci, da igiyar ja, da ruwan sha, da kuɗi a hannu. A Yuli da Agusta damina na jawo zaftarewar ƙasa a ɓangaren Manali, mahajjatan Hindu masu zuwa kogon Amarnat kuma suna cika hanyar Sonamarg. Ladak kanta ba ta tsira ba: a Agustan 2010 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Leh cikin dare, ambaliyar laka ta hallaka mutane fiye da 200. Satumba ya fi natsuwa, ruwan hanya ya ragu, ko da yake dare ya fara sanyi sosai. Kowane tsari yana buƙatar rarar kwana ɗaya ko biyu saboda rufewar hanya. Zagayen Sirinagar, Leh, Nubra, Pangong da Manali ba ya yiwuwa cikin kwanciyar hankali a ƙasa da kwana 10.

A 2024 aka haɗe hanya ta uku, daga Darca ta kan Shinku La zuwa Padum a kwarin Zanskar, sannan ta fito Nimmu kusa da Leh. A shekarar ce kuma aka fara haƙa rami mai kusan kilomita 4 a ƙarƙashin Shinku La, da nufin Ladak ta samu hanyar da hunturu ba zai rufe ba.