Smith, Wato Maƙeri

A takardun da ɗalibai ke cikewa a makarantun boko na Nijar akwai wani ɗan layi da ke tambayar sana'ar uba. Wani saurayi daga ƙasar Damagaram ya cike wannan layi sau da yawa, tun yana kolaji har ya shiga jami'a a Yamai, kuma kullum kalma guda yake rubutawa: manomi. Bai shara ƙarya ba, domin mahaifinsa yana da gona kamar kowa a garinsu. Sai dai ba da gona aka san shi ba. Baƙon da ya sauka a tasha ya tambayi gidansu, ce masa ake yi ya bi ƙarar guduma. Maƙera ne kaka da kakanni, shi kansa saurayin a gindin zugazugi ya yi wayo, har yau akwai tabon tartsatsi a bayan hannunsa. Tun ranar da ƴan ajinsu suka yi masa dariya saboda baƙin gawayi a faratansa, ya ƙudura a ransa cewa wannan gado ba zai ƙara ƙetare ƙofar makaranta ba.

A shekararsa ta uku yana nazarin Hausa, malaminsu ya raba musu jerin littattafan da za su karanta a kan tarihi da zamantakewar Hausawa. Suna guda ya fito sau uku a jerin: M. G. Smith, da Mary Smith, da Abdullahi Smith. Bayan an tashi sai ya bi malamin ya ce, "Gafarta Malam, waɗannan mutane uku duk ƴan gida ɗaya ne?" Malamin ya yi murmushi ya ce, "Biyu miji da mata ne, na ukun kuwa suna kaɗai ya haɗa su. Je ka duba ƙamus, samari, ka dawo ka gaya mini ma'anar sunan." Ya je ya duba. Ƙamus na Ingilishi da Faransanci ya ba shi kalmar da ya shekara goma yana gudun rubutawa. Smith maƙeri ne.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin shekarar 1066, ana rubuta ta smið ko smiþ, da haruffan da suka ɓace daga rubutun Ingilishi na yau. Tana da ƴan'uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi: Schmied a Jamusanci, smid a harshen Holan, smiðr a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda ake kiran mai sassaƙa itace ma da ita. Wannan ya nuna cewa tun asali gwanin aikin hannu take nufi, daga baya ta tsaya a kan mai sarrafa ƙarfe. Mutane da dama suna cewa daga aikatau smite ta fito, wato bugu, tunda aikin maƙeri bugu ne. Bayanin yana da daɗin ji, amma masana tarihin kalmomi ba su karɓe shi ba, domin tsohuwar ma'anar wannan aikatau ta fi kusa da shafawa ko ɓatawa, kuma tushensu daban ne. Ɗalibin harshe ya riƙe wannan: kama da wane ba ta wane, kusancin sauti kaɗai ba ya zama hujjar dangantaka.

A nan saurayin ya lura da wani bambanci tsakanin harsunan biyu. Kalmar Hausa ba ta ɓoye asalinta. Daga aikatau ƙera ake samun ƙira, aikin kansa. A ɗora ma- a gaba, a sami maƙeri, da maƙeriya, da maƙera. Haka ɗinka ya ba da maɗinki, saƙa ya ba da masaƙi, rina ya ba da marini, jema ya ba da majemi. Har wurin aikin ma maƙera ake ce masa, karin sauti ne kaɗai ya raba shi da jam'in masu aikin: a sunan wuri gaɓoɓin duk sama suke, a jam'in mutane kuwa gaɓar tsakiya ƙasa take. Saboda haka Bahaushe ba zai ji "maƙeri" bai hango wuta da uwar maƙera ba. Baturen Ingila yana iya kiran maƙwabcinsa Smith shekara talatin ƙarfe bai taɓa faɗo masa a rai ba.

Duk da haka sana'ar ta rabu a can kamar yadda ta rabu a nan. Hausawa suna da maƙeran baƙi, masu yin hauya da gatari da lauje, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Ingilishi ma yana da blacksmith, mai aikin baƙin ƙarfe, da whitesmith, mai aikin farin ƙarfe irin kuza. Wasu rassan sana'ar sun haifi sunayen iyali na kansu: Goldsmith maƙerin zinariya, Arrowsmith mai ƙera kan kibiya, Shoesmith mai yi wa dawaki takalmin ƙarfe. Smyth da Smythe kuwa sunan nan ne dai, rubutu ya bambanta tun lokacin da ba a daidaita ƙa'idar rubutu ba.

To, ta yaya sana'a ta zama sunan gado? Da farko laƙabi ce kawai, kamar yadda ake cewa wane maƙeri don a bambanta shi da wane mahauci. Masu binciken sunaye suna ambaton wani Ecceard Smith a yankin Durham wajen shekarar 975 a matsayin ɗaya daga cikin mafi daɗewa a rubuce. Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, manyan masu ƙasa suka fara gadar da sunan iyali, al'adar ta riƙa gangarowa zuwa talakawa sannu a hankali. Magatakarda suna rubutu da Latin a lokacin, don haka sau da yawa Faber suke rubutawa a maimakon Smith. Abin da ya ƙara ɗaure sunayen shi ne rajista: gadon fili, da shari'a, da haraji duk suna bukatar a san wane ɗan wane. Jerin sunayen masu biyan harajin kai na shekarun 1377 da 1379 da 1381 cike yake da sunayen sana'a, har ma jagoran boren talakawa na 1381, Wat Tyler, sunansa na mai rufin ɗaki ne. Zuwa wajen 1400 akasarin iyalan Ingila sun riƙe suna guda suna miƙa wa ƴaƴansu, ko ɗan ya gaji sana'ar ko bai gada ba. Daga nan suna da aiki suka raba hanya. Adam Smith, masanin tattalin arzikin nan na Sikotilan da ya wallafa babban littafinsa a 1776, ɗan ma'aikacin kwastan ne.

Dalilin yawan sunan shi ya fi tsaya wa saurayin a rai. Ƙauye ba ya zaunuwa sai da maƙeri. Bakin garma, da lauje, da ƙusa, da ƙyauren ƙarfe, da takalmin doki, da takobi, duk daga hannunsa suke fitowa. Amma maƙeri ɗaya ko biyu sun ishi ƙauye guda, shi ya sa laƙabin ya iya bambanta mutum. Dubban ƙauyuka, kowanne da maƙerinsa, kowanne ya haifar da iyalin Smith nasa, ba tare da sun haɗa jini ba. Noma kuwa na kowa ne. A garin da kowa ke noma, "manomi" ba ya nuna kowa. Ko sunan Farmer da ake da shi a Ingila, wanda bai kama ƙafar Smith a yawa ba, asalinsa mai karɓar haraji ne ko mai riƙe fili bisa haya. Saurayin ya yi dariya shi kaɗai a ɗakin karatu da ya karanta wannan, domin ya gane abin da ya sa ya zaɓi kalmar manomi: kalma ce da mutum ke shiga cikinta ya ɓace.

A yau Smith ne sunan iyali mafi yawa a Ingila, inda fiye da mutum ɗaya cikin kowane ɗari ke amsa shi. Haka yake a Sikotilan da Ostireliya da Amurka. A Wels Jones ne a gaba, a Ailan kuma Murphy. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta sami mutum 2,442,977 masu suna Smith, wato sun ninka mutanen da aka ƙidaya a Yamai a 2012 fiye da sau biyu. Sai dai ba duka ne jikokin maƙeran Ingila ba, kuma wannan ɓangaren labarin ba shi da daɗi. Sama da ɗaya cikin biyar na masu sunan a Amurka baƙar fata ne. Kakannin da yawansu bayi ne da aka raba da sunayensu na Afirka. Wasu sun ɗauki sunan iyayen gijinsu, wasu sun zaɓi sunan da kansu bayan an soke bauta a 1865. Baƙin haure daga Jamus masu suna Schmidt sun mai da shi Smith don su saje da jama'a, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Mutanen Ailan masu suna Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri, da yawansu sun fassara shi zuwa Smith ƙarƙashin mulkin Ingila. Sunan ya yi yawan da har wanda ke son ɓoye kansa a masauki sai ya ce shi John Smith ne. Abin da saurayin ke ɓoyewa, a can shi ne mayafin masu ɓuya.

Da idonsa ya buɗe sai ya riƙa ganin maƙera ko'ina. Lefèvre da Lefebvre da Fabre da Faure, sunayen da ya saba gani a littattafan Faransanci tun yana ƙarami, duk daga faber na Latin suke. Ferrari a Italiya, Kowalski a Polan, Kuznetsov a Rasha, Kovács a Hangari, Haddad a ƙasashen Larabawa, duk ƙira ce asalinsu. Ya kuma ga cewa wasu sunayen sana'a na Ingila sun daɗe da shigowa bakin Bahaushe ta wata ƙofa: kalmomin da suka ba da Taylor da Carpenter da Cook su ne Hausa ta ara ta mai da su tela da kafinta da kuku. Smith kam Hausa ba ta are shi ba. Tana da maƙerinta tun kafin Bature ya zo.

Ya koma kan mutane ukun da suka jawo tambayar. M. G. Smith haifaffen Jamaika ne, a 1921. Shi ya rubuta Government in Zazzau a 1960 da The Affairs of Daura a 1978, kuma ya yi bayani a kan yadda Hausawa ke bambanta sana'ar gado da ta shigege. Matarsa Mary ta hanyar aure ta sami sunan, bisa al'adarsu. Ita ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Na ukun Baturen Ingila ne, H. F. C. Smith, malamin tarihi a Zariya, wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Da ya musulunta ya zama Abdullahi, amma bai taɓa Smith ba, da shi ya rasu a 1984. Ya sake addini, ya sake ƙasa, ya riƙe sunan gidan ubansa.

Da aka yi hutu saurayin ya tafi gida. Ya tarar da mahaifinsa a maƙera da hantsi, damina ta kusa, manoma sun jere da hauyoyi suna jiran gyara. Ya gaishe shi, ya zauna a inda ya saba zama yana yaro. Tsohon, wanda ba ya kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ya ce, "Malam, an zo lafiya? Me aka karanto mana?" Ya kwashe labarin Smith ya gaya masa, tun daga ƙauyukan Ingila har miliyoyin Amurka. Tsohon ya juya ƙarfe a wuta da awartaki ya ce, "To, suna ƙirar har yanzu?" Ya ce, "Kaɗan ne, Baba. Sunan ne ya rage." Tsohon ya ce, "Ashe sun riƙe kube sun yar da wuƙa."

Saurayin ya yi shiru, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya daɗe yana rubutawa a layin sana'ar uba. Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Tun kana kolaji aka karanta mini takardar. Na ce musu yaron bai yi ƙarya ba, ina noma. Hauyar da nake noman da ita ma ni na ƙera." Ya nuna zugazugi da haɓa ya ce, "Wutar tana mutuwa."

Ya kama zuga. Da yamma, bayan manoman sun watse, ya ɗauko littafinsa na rubutu ya roƙi tsohon ya faɗa masa sunan kowane abu da ke cikin maƙerar, da sunan kowane irin bugu, da abin da ake cewa idan ƙarfe ya nuna. Sun cika shafi huɗu kafin magariba, akwai kalmomin da bai taɓa gani a ƙamus ba. Da ya koma Yamai ya kai wa malaminsa amsar tambayarsa, tare da shafukan nan huɗu a matsayin mafarin kundin bincikensa. A takardar rajistar kundin akwai ɗan layin nan na sana'ar uba. Ya rubuta maƙeri.