Wuta Biyu a Murhu Ɗaya

A Hausa kalma ɗaya ce, wuta, ke ɗauke da abu biyu: wadda ake hurawa da itace, da wadda ke bin waya ta haska ɗaki. Mu nan Nijar mukan ce wa ta biyun kuran, amma in ya tafi, da yawanmu "an ɗauke wuta" muke cewa. A aji misali ne kawai na kalma mai ma'ana fiye da ɗaya, mu rubuta mu wuce. To akwai wani murhu da ya haɗa ma'anonin biyu cikin ƙarfe guda, kuma yana tsakiyar gidan hayar da yayata ke zaune da mijinta da ɗiyanta biyu a gabashin Faransa.

Ba a girki da shi, ɗumama gida ne aikinsa. Abincinsa garin katako ne da aka matse ya zama ƙanana-ƙanana, kaurinsu milimita 6, ana sayar da su a buhun kilo 15. Can giranile suke ce musu. Yaya ta raɗa musu kashin awaki. A zuba su a wani rumbu bayan murhun, wani ƙarfe mai murɗiya irin na injin markaɗe ya riƙa tura su kaɗan-kaɗan cikin ɗan kasko, su ci wuta bayan gilashi. Fanka ɗaya ta ja hayaƙi waje ta bututu, ɗaya ta huro ɗumi cikin ɗaki. Duk wannan da kuran yake tafiya. Wato wuta ce ke kiwon wuta.

Wani dare cikin watan Janairu murhun ya hau kuka, jikinsa ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Mijinta na wurin aiki. Yaya ta yi abin da kowace mace a Maraɗi za ta yi in ayan ko rediyo ya fara ƙauri: ta zare wayar daga bango. Nan take fankokin suka tsaya, garwashin kuwa bai san an zare komai ba. Hayaƙi ya rasa mai jansa, ya dawo falo. Ta buɗe tagogi, ta kwashi yara cikin bargo zuwa gidan maƙwabta, aka kira ƴan kashe gobara ta lamba 18.

Washegari ta kira ni, muryarta a dishe. Ta ce, "Ƙanena, wallahi da munka shigo gidan nan ba wanda ya ce mini kar a zare shi. Madanni kawai aka gwada mini."

Mai gyara ya zo ya buɗe. Toka ta toshe ramukan kaskon da hanyoyin iska, kunkunniya ta taru a bututu, ga shi tun shigowar sanyi ana barin murhun a matakin ƙarshe dare da rana. Zafi ya rasa mafita. Kukan nan da ya yi, na'urar tsaro ce ta dakatar da turo giranile, ta bar fanka tana sanyaya shi. Ya kuma gargaɗe ta: in murhun ya ƙi kamawa, a kwashe abin da ya taru a kaskon kafin a sake kunnawa, don tarin kan kama lokaci guda har ya fasa gilashi.

Ba doka aka rasa ba. Tun 2015 wajibi ne kowane gida a Faransa ya kasance da na'urar jin hayaƙi, kuma dole a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai dai na'urar hayaƙi ba ta jin iskar kabon monoksaid, wadda ba launi ba wari, take kashe mutum cikin barci. Ita sai an sayi tata daban. Yanzu sun saya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Yaya ta san wuta. Ita ke fitar da kaskon garwashi daga ɗakin Inna kowane daren hunturu kafin a rufe ƙofa, ba ta taɓa mantawa ba. Amma wannan an sa masa gilashi da madanni da lambobi masu haske, sai ido ya ajiye shi layi ɗaya da firji da talabijin.

Abokan ajina sun yi ta gardamar sunan da ya dace da shi. Wani ya ce murhun ƙwaya, aka fashe da dariya, don kowa ya san inda hankali zai tafi. Wata ta ce injin ɗumi. Ni na ƙi wannan. Inji ana kashe shi a juya baya. Duk sunan da za a ba shi, a bar kalmar murhu a ciki, don wanda ya ji murhu ya san akwai kwasar toka, ya san ba a barin yaro kusa, ya san kuma ba a kwanciya sai an ga ya mutu.