Injin mai riga

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya kai ni Agye wurin kawuna don in yi hutun damina. Garejinsa gindin dogon yaro ne a bakin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Maraɗi da Caduwa, ta wuce Gazawa. Aikina wanke ƙarafa da fetur a cikin tsohon kwano.

Wata safiya aka turo wata Peugeot 404 mai ɗaukar buhunan gero da aya zuwa kasuwannin ƙauye, hayaƙi ya gama cinye ƙarfinta. Kawu ya sauke injin da sarƙa, ya baje kayan cikinsa a kan buhu, sannan ya zaro wani bututun ƙarfe ya ɗora mini a hannu. Ya ce: “Ɗana, wannan ita ce rigar injin. In ta tsufa sai a tuɓe ta, a sa sabuwa.” Kwana uku bayan haka motar ta tashi da lodinta.

Sai da na zama malamin makaranta na nemi asalin wannan dabara. Injin ya samo tushe daga na Peugeot 203, wadda aka fito da ita a Faransa a 1948, lokacin da yaƙi ya bar mutane da ƙarancin kuɗi da ƙarfe. Maƙeransa sun yi silinda huɗu, kowace da bututunta mai cirewa, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi. Da 404 ta zo a 1960, aka ƙara masa girma zuwa lita 1.6, aka kishingiɗar da shi gefe guda don gaban motar ya yi ƙasa. A 1968 ya shiga 504, daga baya ya kai kusan lita 2. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka riƙa shigowa Maraɗi ta Katsina.

Waɗannan injiniyoyi ba su san yashin Gazawa ba. Amma sun ƙera injin da nufin a kwance shi a gyara, shi ya sa mutum kamar kawuna, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ci abinci da shi shekara talatin, ya kuma yaye almajirai da dama. Yakan kafa sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotarta, ya faɗi inda ciwon yake tun ba a kwance kusa ɗaya ba.

Motocin yau sun fi tsimin mai, sun fi ƙarancin hayaƙi, ba na musu. Sai dai yawancinsu kwamfuta ke gano cutarsu, kuma sau da yawa sauya injin dungum ya fi gyaransa arha.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna yawon tattara tatsuniyoyi da kirarin mafarauta, amma ban taɓa zama na rubuta abin da kunnensa ya sani ba, kuma wannan sakacina ne. Almajiransa biyu suna nan a raye a Agye, sun yi furfura. Hutu mai zuwa zan tafi wurinsu da littafi da alƙalami.