Namu Shuka, Girbi na Ubangiji

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin masu bi na ƙasar Birnin Gwari a 'yan shekarun nan. Ba a cika yin ta a cikin majami'a ba, sai an tashi sujada an zauna a gindin itace. Tambayar kuwa ita ce, ina amfanin wahala a kan abin da ba mu san ƙarshensa ba?

Ba ragwanci ne ya kawo ta ba. A daminar 2022 mutanen Damari suka kwashi 'ya'yansu suka bar gari saboda 'yan bindiga, ga masara tsaye a gona, ba mai waiwayarta. A waɗansu ƙauyuka sai da manoma suka biya mutanen daji kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka noma da guminsu. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. Mun gode wa Allah. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Manomi yana riƙe da iri, zuciyarsa tana tambayarsa wa zai ci amfanin.

Mu ma da muke koyarwa a makarantun ekklesiya mun san wannan nauyi. Mukan zauna da yaro wata uku har ya fara haɗa baƙi, ran nan sai mu kira suna mu ji shiru, iyayensa sun yi ƙaura da dare. Zumuntar mata takan tara hatsi mudu-mudu domin waɗanda suka gudo, kafin mako biyu buhu ya ƙare, masu bukata kuwa sun ƙaru. A nan ne Shaiɗan yakan raɗa mana cewa zuba ruwa muke yi a rariya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan hali ba. A sura 11 Mai-Wa'azi ya shawarci manomi ya yi shuka safe da yamma, dalilinsa kuwa shi ne manomi bai san wadda za ta yi kyau ba. Ku lura, 'yan'uwa. Rashin sanin da muke so mu mai da shi hujjar naɗe hannu, shi ne ya mayar hujjar ƙara shuka. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Galatiyawa a sura 6 kada aikin nagarta ya gundure su. Ya tabbatar musu akwai girbi, amma bai faɗa musu ranar ba, bai kuma ce mai shukar ne kullum zai riƙe lauje ba.

Tarihin bishara a ƙasarmu shaida ne. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen Arewa, wato Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, a nan cikin Jihar Kaduna ta yau, Kent kuma ya rasu a Bida. Ba su kafa ekklesiya ko ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka buɗe tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, bayan shekara 61. A ranar da aka binne Gowans, duk mai lissafi zai ce hasara ce aka yi. Ga shi yau jikokin waɗanda bai taɓa gani ba suna raira waƙar yabo da Hausa.

Kada dai mu ɗauki haƙuri a kan ganganci. Ubangiji Yesu da kansa ya yarda wa almajiransa su bar gari in tsanani ya taso. Gudu da iyali ba rashin bangaskiya ba ne. Abin da ba za mu bari a baya ba shi ne aikin alheri. Yaron da ya tafi da baƙaƙe goma a kansa, ba ɗan bindigar da zai ƙwace su. Maƙwabcin da muka ba masauki, Musulmi ne ko Kirista, ya kwana lafiya a daren nan, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gaban Allah.

Saboda haka, maigida, gyara fartanyarka. Uwargida, ɗebi mudun nan ki kai. Malam, shiga aji ko da yara biyar ne suka zo, ka koya musu kamar aji ya cika. Shuka aka ba mu, girbi yana hannun Mai gona. Ubangiji ya ba mu jimiri, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.