Jagoran daji: shida ya kai, shida ya maido

A wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji, daura da Gulbin Maraɗi, akwai wani dattijo, tsohon mahalbi, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana yi wa baƙi jagora cikin dajin Babban Rafi. Ma'aikatan gandun daji, da ɗalibai masu binciken itatuwa, da Turawan da suka zo kallon giwayen da ke ƙetarowa daga Nijeriya a farkon shekarun 1990, duk sun bi sawunsa da ƙafa, kowa da ƙunshinsa a baya, suna kwana inda dare ya riske su.

Aikin ya wuce nuna hanya. Kafin a tashi sai ya ɗaga gorar kowa ya ji nauyinta, ya dubi takalmin kowa. Da asuba ake kama tafiya. In rana ta take, a fake a gindin marke ko ƙirya. Da marece ya lura da inda kurciyoyi suka dosa, don can ruwa yake. Kuma ba a wuce saurin wanda ya fi kowa gajiya.

Wata bazara ya rako ɗalibai 6, sai suka tarar da tabkin da ya dogara da shi ya ƙafe ƙaf. Babbansu ya ce: "Baba, taswira ta nuna wani tabkin a gaba, tafiyar awa 2 ce kawai." Dattijon ya dubi ƙaramarsu, ya ga leɓɓanta sun bushe, ta daina magana tun hantsi. Ya ce: "Ɗana, taswira ba ta jin ƙishirwa. Komawa za mu yi." Suka juyo suna gunaguni, aikin kwana 3 ya tashi a banza, har aka rage masa lada. Bai ce uffan ba: shida ya kai, shida ya maido.

Giwayen sun daɗe da ƙaura. Daga 2019, da ƴan bindiga suka addabi iyaka har ƴan gudun hijira suka cika ƙauyukan Gidan Rumji, baƙi suka ɗauke ƙafa. Jikokinsa sun iya renon gawo da kalgo cikin gona, irin sassaben zamani da ya yi suna a Ɗan Saga ta ƙasar Agye, amma babu mai bambance sawun gada da na akuya a cikinsu.

Wannan ne ke hana shi barci. Shi ya sa kowace asuba yakan ta da ƙaramin jikan, ya miƙa masa gora, su nufi bakin gulbi. Yaron ne a gaba, tsohon na biye.