Ƙarfen da Ya Gaji

A zamanin da nake yi wa babana zuga a maƙerarmu ta Yankara, aikin bindiga ba shi ne abincinmu ba. Fartanya da garma da lauje ke riƙe da gida. Sai kaka ta wuce, an fara kiɗan farauta, maharba ke zuwa da bindigoginsu na toka, kusan dukansu da ciwo iri ɗaya: a ja kunama, ta ƙi tashi. Sifirin da ke ciki ya gaji.

Baba yakan ce ƙarfe iri biyu ne ba sa wannan aiki. Akwai wanda ya yi tauri fiye da kima, ja ɗaya sai ya karye. Akwai mai laushi, wanda in an lanƙwasa shi ba ya komawa yadda yake. Abin da ake nema yana tsakani, ido ne kuma ke gane shi a bakin wuta. Na zauna da mutane masu irin halayen nan biyu, ban ga wanda aka daɗe ana jingina da shi a cikinsu ba.

Bindigar soja kuwa ba kasafai take zuwa ba. Wadda ba na mantawa ita ce ta wani tsohon soja, cikin 'yan Boma, waɗanda Turawan Ingila suka kai yaƙi da Japan suka dawo bayan 1945. Libarba ce ƙirar Webley, ta birnin Birmingham, mai karyewa a tsakiya, mai gida shida. Ba shi da harsashinta, ba ya ma neman sa. So yake kawai in ya ja kunama ya ji ta amsa kamar dā. Baba ya buɗe ta, ya tarar tsatsa ta cinye sifirin. Kafin ya ce uffan a kan ƙarfe, sai ya tambaya: "Saje, dagaci ya san da ita? Kana da takarda?" Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko gyara ta ba da izini ba, amma ko da babu doka, Baba zai yi wannan tambaya. Saje ya yi shiru. Baba ya goge ta, ya shafa mata mai, ya naɗe ta a tsumman da ta zo ciki. "Bar ta ta huta, ranka ya daɗe. Ta yi nata yaƙin."

A lokacin na ɗauka tsoron hukuma ne. Da na girma na riƙe guduma, sai na ga abin da yake dubawa. Kowace bindigar da ta shigo maƙerarmu, mun san mai ita, mun san ubansa, Sarkin Baka ya san dajin da take shiga da naman da take kawowa. In ta yi ɓarna, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yau bindiga ta rabu da suna. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Sheme da garinmu zuwa Tsafe da Gusau, wadda muke bi da dare ba fargaba, ta koma sai da addu'a. Daga Faskari zuwa Sabuwa, gonaki nawa aka bari saboda 'yan bindiga? A Disamba 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Masu wannan aiki AK-47 suke riƙewa, ba bindigar toka ba, amma su ma nasu ƙarfen yana gajiya, suna kuma neman mai hannu.

Na san zafin da ke sa samarinmu 'yan sa-kai su zo da tsohuwar bindigar kakansu a gyara. Ba na ganin laifinsu. Tun da gwamnatin Dikko Radda ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, can nake nuna musu, inda akwai rajista da shugaba. Baƙon da ya zo da magariba da abu a buhu, yana tayin kuɗi ninki uku, shi kam nakan ce masa idona ya mutu. Rabin gaskiya ce.

Jikana ne ke riƙe da maƙerar yanzu, ya haɗa da walda. Ban koya masa aikin sifirin ba, bai kuma nema ba. Yana ƙera garma da damina, amma abin da ya fi kawo masa ciniki shekarun nan shi ne ƙofar ƙarfe da sakata.